Iyakar Kongolam da Tarihin Kare Talaka daga Zaluncin Gwamnatinsa

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda ƙungiyoyin ƙasashen duniya suka tunkari gwamnatocin da ke zubar da jinin mutanensu, da kuma gyaran da ya kamata a yi wa ƙungiyoyin. An zaɓi a hangi al'amarin daga Kongolam, garin bakin iyaka da ke Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa cikin ƙasar Daura, domin a irin wannan wuri ne ake ganin yadda shawarar da manya suka yanke a Abuja take sauka a kan mutane.

Iyaka da dokar "kada a sa baki"

Turawan Ingila da na Faransa ne suka kafa turakun wannan iyaka tsakanin 1906 da 1908, suka raba dangi, wasu a Daura wasu a Damagaram. Duk da haka ta yi wa talaka rana. Idan haraji da ɗibar soja da aikin tilas na Faransawa suka tsananta, sai mutum ya kwashi iyalinsa ya ƙetaro kudu. Ba a soke aikin tilas ɗin ba sai 1946. Watau tun babu wata ƙungiya, mafakar wanda hukuma ta zalunta ita ce ƙafarsa.

Da aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, sashe na 2(7) na yarjejeniyarta ya hana ta tsoma baki cikin harkokin gida na kowace ƙasa. Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ta ɗauki wannan aƙida a 1963, kuma a taron Alƙahira na 1964 ta amince a bar iyakoki yadda Turawa suka bar su. Shugabannin suna da uzuri, don ƙasashensu jarirai ne. Amma abin da ya biyo baya sananne ne: a 1975 Idi Amin ya zama shugaban ƙungiyar alhali ana kashe mutane a Yuganda, a 1979 kuma aka kashe 'yan makaranta a Bangi zamanin Bokassa. Kunyar wannan tana cikin abin da ya haifi Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka a 1981. Bayan kisan ƙare-dangi na Ruwanda a 1994, sashe na 4(h) na dokar kafa Tarayyar Afirka ta 2000 ya ba ta ikon shiga ƙasar da ake irin wannan ta'asa. A 2005 shugabannin duniya suka yarda cewa kare jama'a nauyi ne a wuyan kowace gwamnati, in ta gaza sai Kwamitin Sulhu ya ɗauka. A takarda, ke nan, an yi nisa.

Zariya da Yamai

A nan ya kamata mu kwatanta abubuwa biyu da suka faru a kusa da mu. Daga 12 zuwa 14 ga Disamba 2015 sojojin Nijeriya suka yi arangama da mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky a Zariya. A Afrilu 2016 gwamnatin Jihar Kaduna da kanta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a kabari guda. Kwamitin ya ba da shawarar a gurfanar da sojojin da ke da hannu, shekaru suka shuɗe ba a yi ba. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, wadda hedkwatarta ke Abuja, ba ta kira taron gaggawa ba, balle takunkumi.

Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. Kwana huɗu kacal, ran 30 ga wata, ECOWAS ta zauna, ta rufe iyakoki, ta dakatar da ciniki, ta ba da wa'adin mako guda; Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarki. Ba ana cewa juyin mulki ƙaramin laifi ba ne. Abin lura shi ne sashe na 45 na yarjejeniyar dimokuraɗiyya da ECOWAS ta sa wa hannu a Dakar a 2001 ya ambaci dalilai biyu na sa takunkumi: kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati, da keta haƙƙin jama'a mai yawa. Na farko ake ɗauka da zafi, domin shi ya shafi kujerar masu zaman taron. Ko takunkumin makamai da aka sa wa Gini a 2009, bayan an kashe mutum sama da 150 a filin wasan Konakiri, a kan gwamnatin soja ya faɗa.

To, wa ya ji a jikinsa? Hanyar da ta tashi daga Daura ta bi ta Kongolam da Ɗan Barto zuwa Matamaye da Damagaram ta tsaya cik. Fataken dabbobi da na hatsi, da direbobi, da 'yan dako, da mai zuwa gaisuwar mutuwa a ƙetare, su ne suka biya kuɗin laifin da aka yi a fadar Yamai. Ƙofar nan da kakanninsu ke bi in hukuma ta matsa musu, ita aka garƙame. Ran 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, Bazoum na nan tsare.

Kotu da gyara

A ganina, abu mafi amfani da ECOWAS ta yi wa talaka shi ne gyaran 2005, wanda ya ba mutum ɗaya damar kai ƙarar gwamnatinsa kotun ƙungiyar ba sai ya gama da kotunan gida ba. Ta nan Hadijatou Mani, wadda aka sayar baiwa tana 'yar shekara 12, ta yi nasara a kan gwamnatin Nijar ran 27 ga Oktoba 2008, aka biya ta diyyar sefa miliyan 10. Sai dai kotun ba ta da ɗan sanda. Ta ce a saki Sambo Dasuki a 2016, ba a sake shi ba sai Disamba 2019. Ta ce a saki Bazoum a Disamba 2023, ba a saurare ta ba.

Gyara na farko, saboda haka, shi ne a ɗaura takunkumi da hukuncin kotu: gwamnatin da ta ƙi bin hukunci, zaɓaɓɓiya ce ko ta soja, a hana ta ƙuri'a a taron shugabanni. Takunkumin kuma ya bi sunayen masu ba da umurni, a riƙe dukiyarsu, a hana su tafiya, a bar abinci da magani da matafiya su wuce. Batun kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu, wanda Afirka ke kuka a kai tun matsayar Ezulwini ta 2005, ba a hannunmu yake ba, don haka ban tsaya a kansa ba.

Akwai kuma ƙofar Arusha. Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka ba ta karɓar ƙarar mutum kai tsaye sai ƙasar da ake ƙara ta amince a rubuce. Nijar ta amince a 2021, Nijeriya ba ta bi sahu ba. Amma Nijar ta fice daga ECOWAS ran 29 ga Janairu 2025. Wannan ya sa mutumin Kongolam na iya kai ƙara Abuja amma ban da Arusha, ɗan'uwansa na Ɗan Barto kuwa, da ke cin kasuwar Mai'aduwa tare da shi, an rufe masa ƙofar Abuja.