Yadda Taga ta Fita daga Asibiti, ta Kuma Dawo

Da wuya mai zanen gine-gine ya karɓi aikin asibiti a tashi daga zaman farko ba a yi gardama a kan taga ba. Injiniyan na'urar sanyaya ɗaki yana so a rufe ta ruf, malaman jinya suna so a buɗe, mai riƙe da lalita kuma yana lissafin kuɗin gilashi. Gardamar ta haura shekara 150.

Malamar jinya Florence Nightingale tana cikin waɗanda suka fara ɗaga murya sosai. Da ta isa asibitin sojoji na Scutari a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta tarar kwalara da atini da zazzaɓi sun fi harsashi kashe sojojin Ingila. A littafinta na 1859, Notes on Hospitals, ta shimfiɗa tsarin da har yau ake kira da sunanta: dogon ɗaki, gadaje kusan 30 a jere gefe biyu, dogayen tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa. A kan wannan tsari aka gina asibitin St Thomas na Landan, wanda aka buɗe a 1871. Abin mamaki, wari take gudu, domin a lokacin ta ɗauka gurɓatacciyar iska ce da kanta ke haifar da cuta. Dalilinta ya kauce, amma ginin ya yi aiki.

Wani ginin da masu zanen gine-gine suke yawan zuwa kallo shi ne asibitin masu tarin fuka na Paimio a ƙasar Finlan, da Alvar Aalto da matarsa Aino suka zana, aka gama a 1933. Babu maganin tarin fuka a lokacin sai iska da rana da hutu, don haka ginin ne maganin. Aalto ya lura cewa ɗakuna duk don mai tsayuwa ake tsara su, alhali majinyaci a kwance yake wuni. Sai ya shafa wa silin fenti mai kwantar da ido, ya kawar da fitila daga inda za ta haske fuskar mai kwanciya, ya karkata ɗumin ɗaki wajen ƙafafu. Hatta kwanon wanke hannu an lanƙwasa shi yadda ruwa zai zuba ba ƙara, kada a tayar da abokin kwana. Kujerar da ya ƙera kuwa, an kishingiɗar da bayanta don numfashi ya yi sauƙi.

Daga nan maganin streptomycin ya fito a shekarun 1940, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga fitilun lantarki masu ci dare da rana. Asibitoci suka koma manyan dunƙulallun benaye, tagogi a like, wasu ɗakunan ma ba sa ganin rana ko kaɗan.

A 1984 Roger Ulrich ya wallafa bincike a mujallar Science wanda ya sake buɗe maganar. Ya duba takardun majinyata 46 da aka cire wa maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka. Rabinsu tagarsu na kallon bishiyoyi, rabi kuma bangon bulo. Masu kallon bishiyoyi sun yi kwana 7.96 a matsakaicin lissafi, sauran 8.70, kuma ba su nemi maganin ciwo mai ƙarfi kamar sauran ba. Mutum 46 ba yawa ba ne, kuma masu sana'ar sun san haka. Amma a karon farko mai zane ya samu lambar da zai ajiye a gaban akanta.

Tarin fuka ne ya ƙarasa aikin. A 2006 aka ba da rahoton cewa a Tugela Ferry ta Afirka ta Kudu, 52 daga cikin mutum 53 da suka kamu da nau'in da ba ya jin magani sun rasu, kuma alamu sun nuna da yawa a asibiti suka ɗauka. Shekara guda bayan haka, binciken da aka yi a asibitocin Lima ta ƙasar Peru ya nuna tsofaffin ɗakuna masu dogon rufi da manyan tagogi suna sauya iska sau 40 a awa idan an buɗe tagogi, sababbi sau 17, ɗakin da na'ura ke zuƙe wa iska kuma ƙa'idarsa sau 12 ce. Da masu zane na MASS Design Group suka zana asibitin Butaro a Ruwanda, wanda aka buɗe a 2011, sai suka fitar da hanyoyin wucewa waje zuwa baranda, suka juya gadaje suna kallon tsaunuka.

Ba ko'ina taga ke da amfani ba. Ɗakin tiyata sai da tatacciyar iska ta na'ura. A ƙasashen Sahel kuma akwai ƙurar hunturu da sauro, ga majinyaci da zai ce a rufe saboda sanyi da zarar dare ya yi. Shi ya sa wasu masu zane suke barin kafofin iska can sama kusa da rufi, da raga a jikinsu, inda hannu ba zai kai ba balle a toshe su.