Rufe wurin aikin mai rubuta manhaja kafin a miƙa ta ga masu amfani

Duk wanda ya rubuta manhaja yana da wurin aikinsa a cikin kwamfuta: inda yake ganin rubutun umarni, ya gyara shi, ya tsayar da manhajar tana cikin aiki don gano kuskure. Rufe wannan wuri shi ne cire kayan aikin nan ko toshe hanyar isa gare su kafin manhajar ta shiga hannun magatakarda, mai kantin magani ko ɗalibi. Dalilin bai wuce biyu ba: kada mai amfani ya ɓata wani abu bisa kuskure, kada kuma wani ya sauya lissafi ko ya kwashe rubutun da gangan.

Matsalar ta fi tsanani a tsarin da manhaja da kayan gina ta suke zaune wuri ɗaya. Harshen Smalltalk, wanda aka ƙirƙira a cibiyar Xerox PARC ta Amurka a shekarun 1970, haka yake, shi da rassansa irin su Squeak, da ya fito a 1996, da Pharo. Scratch 1.4, manhajar koya wa yara shirya umarni, a kan Squeak aka gina ta. Masu amfani sun gano cewa idan aka danne maɓallin Shift aka latsa harafin R na tambarinta, wata ɓoyayyiyar hanya takan buɗe zuwa cikin Squeak ɗin kansa, inda ake iya sauya komai.

Misalin da ƙananan ofisoshi suka fi sani shi ne Microsoft Access. Fayil ɗaya mai ƙarshen accdb yana ɗauke da teburan bayanai, da fom-fom, da rahotanni, da umarnin VBA. Wanda aka ba fayil ɗin haka nan, an ba shi ɗakin da makullinsa.

Matakin farko shi ne mayar da shi accde, tsarin da ya zo da Access 2007 ya gaji mde na da. Wannan yana cire rubutun VBA da mutum ke iya karantawa, ya hana sauya fasalin fom da rahoto. Sai dai mutane da yawa a nan suke tsayawa, alhali teburan suna nan a buɗe: wanda ya isa gare su yana iya canza farashin kaya ko goge bashin wani ba tare da ya bi ta fom ba. Don haka sai a ɓoye jerin abubuwan da ke gefen hagu, a kashe maɓallai na musamman, musamman F11 da ke dawo da jerin. Ko an yi haka, saura ƙofa guda. Danne Shift, wanda a Faransanci ake kira Maj, lokacin buɗe fayil yana tsallake duk saitin farawa. Ana toshe ta ne ta hanyar kashe wani saiti mai suna AllowBypassKey, kuma ba ya cikin jerin zaɓuɓɓukan da aka saba gani. Da umarni ake ƙirƙirarsa. Mai hankali yakan bar wa kansa hanyar kunna shi kafin ya kashe, don an sha ganin wanda ya kulle kansa a waje.

Akwai kuma Access Runtime, wanda ake samu kyauta tun daga 2007. Yana tafiyar da manhaja ba tare da kayan gini ba, kuma yana rage kuɗin lasisi. Amma yana da tsanani: kuskuren da mai rubutun bai tanadi yadda za a tare shi ba yakan rufe manhajar gaba ɗaya a gaban mai aiki. Ana iya gwada hakan tun da wuri ta sauya ƙarshen sunan fayil zuwa accdr.

Abu biyu ne suka fi jawo asara bayan rufewa. Ba a mayar da accde zuwa accdb ta cikin Access, saboda haka idan fayil na asali ya ɓace, gyara ya zama wuya ƙwarai. Wanda ya biya aka yi masa manhaja ya kamata ya rubuta a yarjejeniya wa zai riƙe asalin. Na biyu, accde da aka haɗa a Access mai bit 64 ba ya buɗewa a mai bit 32, kuma akan haɗa wa kowanne nasa.

Duk wannan kariya ce daga kuskure da ɗan ƙaramin shisshigi. Wanda ya kwafe fayil ɗin a filashi ya kai wata kwamfuta mai cikakken Access yana iya jawo teburan zuwa wani sabon fayil, muddin ba a sa musu kalmar sirri ba. Inda bayanan suka shafi kuɗi ko lafiyar mutane, abin da ya fi shi ne a raba manhajar gida biyu: fom-fom a kwamfutar ma'aikaci, bayanai kuma a wata uwar na'ura mai tsari irin SQL Server ko PostgreSQL, inda kowane ma'aikaci yake da sunan shiga da iyakar abin da aka yarje masa ya taɓa.