Ɗan Karkare da Kumburin Gindin Farce: Yadda Likitoci Suka Gano Bakin Zaren

Duk wanda ya taɓa kwana yatsa na yi masa zogi ya san ƙanƙantar wuri ba ta rage zafin ciwo. Kumburin fatar da ke gindin farce tsohon ciwo ne. Sunan da likitoci ke kiransa da shi, faronikiya, daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa "gefen farce". Mu kuwa, idan yatsa ya kumbura ya tara mugunya, mukan ce ɗan karkare.

An daɗe ana fama da shi ba a san sanadinsa ba. A shekarar 1880, wani likitan fiɗa a birnin Abadin na Sikotlan, Alexander Ogston, ya duba mugunyar maruru da madubin likita, ya ga ƙwayoyin cuta a dunƙule kamar nonon inabi. Su ne aka raɗa wa suna istafilokokas, kuma su suka fi haddasa kumburin da ke tasowa farat ɗaya bayan cizon farce ko ɓantare fatar gefensa.

Sanin sanadi bai kawo magani nan take ba. A wancan zamani ciwon yatsa kan bi jijiya ya cinye hannu, wani lokaci har da rai. A 1912 Allen Kanavel na Shikago ya wallafa littafi kan cututtukan hannu, ya nuna hanyoyin da mugunya ke bi da inda ya dace a tsaga. Sai a 1928 Alexander Fleming ya gano fenisilin, a kan farantin da yake renon irin waɗannan ƙwayoyi. Amma murna ba ta daɗe ba: a 1961 aka samu a Ingila waɗanda suka bijire wa metisilin, maganin da aka ƙera domin masu bijire wa fenisilin.

An kuma gane cewa ciwon ba iri ɗaya ba ne. A 1959 aka bayyana wani nau'i a yatsun ma'aikatan jinya a Landan, wanda ƙwayar hafis ke kawowa. Shi ba a tsaga shi. Wanda ke daɗewa kuwa, na masu wanki da wanke-wanke, an jima ana ɗora laifinsa kan fangas. A 2002 binciken Antonella Tosti a Italiya ya nuna man shafawa mai kwantar da kumburi ya fi maganin fangas na haɗiya aiki, domin ruwa da sabulu ne ke cinye fatar.

Shi ya sa idan kuka zo neman kafso saboda yatsa nakan fara da tambaya. Kada a huda da allura ko reza a gida. In mugunya ta taru, ko ja ya fara hawa hannu, ko zazzaɓi ya shigo, ko mai ciwon yana da ciwon suga, a tafi asibiti a ranar.