Lanƙwasar Haɗeja da Zuwan Kwamfuta

Tarihin baka ya ce sunan Haɗeja ya samo asali ne daga wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya. To, ashe harafin ɗ na cikin sunan nan yana riƙe da asalin gari. Turawan da suka ci garin a 1906 "Hadejia" suke rubutawa. Sai a shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya, haruffa masu lanƙwasa suka zauna daram a rubutun boko.

Da kwamfuta ta zo sai aka koma gidan jiya. Tsarin ASCII na Amurka, na 1963, alamomi 128 kaɗai ya ƙunsa, ba ɓ, ba ɗ, ba ƙ. Ƙafa ta koma kafa, ɗaiɗai ya koma daidai.

A 1991 tsarin Unicode ya ba kowannensu lamba tasa. Amma lamba ba ta isa ba sai an zana harafin. Nan ne aƙidar da Richard Stallman ya kafa aikin GNU a kanta a 1983 ta yi rana, watau manhaja ta zama a buɗe, kowa ya duba, ya gyara, ya raba. Bisa irin wannan tafarki ƙungiyar SIL ta fitar da lasisinta na haruffa a 2005, ta saki Doulos da Charis kyauta, da lanƙwasarmu a ciki.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, uzuri ya ƙare. Duk wanda ya rubuta Haɗeja ba lanƙwasa yau, kada ya ɗora wa na'ura laifi.