Yankan katako da injin hannu a Kamaru: yadda aikin yake da yadda ake raba kuɗinsa

Mafi yawan katakon da ake rufin gida da shi a Kamaru, da wanda kafintoci ke yin ƙofa da gado da bencin makaranta, ba daga manyan masana'antu yake fitowa ba. Katakon masana'antu na Turai da Asiya ne, ta tashar jiragen ruwa ta Duwala ko Kribi yake fita. Na cikin gida kuwa ƙananan masu yanka ne ke samar da shi: mutum ya shiga daji da injin yankan itace mai sarƙa, ya kayar da bishiya, ya tsaga ta falanki-falanki a nan inda ta faɗi, 'yan dako su ɗauko a ka zuwa bakin hanya. Wannan sana'a ce ake kira sciage artisanal da Faransanci.

Binciken da cibiyar nazarin gandun daji ta duniya, CIFOR, ta wallafa a 2011, wanda Paolo Cerutti da Guillaume Lescuyer suka gudanar, ya ƙiyasta cewa kasuwannin biranen ƙasar na sayar da katako kimanin mita kubik 860,000 a shekara, kuma kusan 662,000 daga ciki aikin injin hannu ne. Saura galibi rarar masana'antu ce. Binciken ya ce mutum wajen 45,000 ne ke cin abinci kai tsaye a wannan harka. Alƙaluman sun kwana biyu, amma har yanzu su ake kafa hujja da su idan ana maganar girman kasuwar.

Hanyar arewa

Wani kaso na wannan katako ba ya tsayawa a Yawunde ko Duwala. Daga yankin Gabas, wajen Bertoua da Belabo, ana loda shi a jirgin ƙasa ko a manyan motoci zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare tun 1974. Daga nan ya bi titi ta Garwa da Marwa zuwa Kuseri, ya haye gadar Ngeli ya shiga Njamena. Fatauci ne da ya daɗe a hannun 'yan kasuwar arewacin ƙasar, Fulani da Hausawa da sauransu, waɗanda mutanen kurmi kan kira su "Alaji" gaba ɗaya, ko mutum ya je Makka ko bai je ba.

Abin da aka fi kaiwa arewa shi ne farin katakon ayus, wanda ake kira obeche a Najeriya, wawa a Ghana, samba a Kodebuwa. Ba shi da nauyi, yana da sauƙin tsagawa, yana karɓar ƙusa ba tare da ya fashe ba, shi ya sa magina ke son sa wajen rufi da zuban kankare. Aibinsa shi ne ba ya jure ajiya a danshi: idan ya kwana da yawa a ƙasa a daji sai ya yi shuɗi-shuɗi, ƙwari kuma su fara huda shi. Wannan ƙaramin aibi yana da babban tasiri a kan ladan masu aiki, kamar yadda za a gani.

Su wane ne ke cikin aikin

Falanki ɗaya kan bi ta hannu da yawa kafin ya isa kasuwa. Akwai mai bishiya, wato manomi ko iyalin da bishiyar ke cikin gonarsu ko tsohuwar saurarsu. Akwai mai nuna bishiya, ɗan gari da ya san inda manyan itatuwa suke. Akwai mai inji, wanda sau da yawa ba shi ne ke riƙe injin ba. Sai mai yanka da yaronsa, sai 'yan dako, sai masu lodi, sai direba, sai mai rumfa a kasuwa. A saman su duka akwai mai kuɗi, wanda ya ba da odar aikin ko ya ba da kafin alƙalami.

Aikin mai yanka ya fi ƙarfin abin da ake gani daga nesa. Manyan injina irin Stihl 070 da aka saba amfani da su a kurmin Afirka ta Tsakiya suna da nauyi, suna girgiza hannu, suna da ƙara mai kashe kunne. Mai yanka yakan ja layi a jikin gungume da igiyar da aka tsoma a baƙin mai, sannan ya bi layin da ido da ƙarfin damtse kawai, a sunkuye, wuni guda. Kaɗan ne ke da hular kwano ko takalmin kariya. 'Yan dako kuma su ne suka fi kowa shan wuya a kan lada mafi ƙanƙanta: ɗanyen katako mai tsawon mita biyar a ka, cikin taɓo da saiwoyi, a yi ta kai da komowa.

Jinga, ba albashi ba

Kusan babu mai albashin wata a wannan sana'a. Jinga ake yi. Ana biyan mai yanka bisa yawan guntayen da ya fitar, ko bisa mita kubik. Ana biyan ɗan dako bisa kowane guntu da nisan tafiya. Mai bishiya kuma ana yin ciniki da shi a kan bishiya tana tsaye.

A nan ne lissafi ke da muhimmanci, domin yawancin rigimar da ake yi a bakin daji daga awo take tasowa. Falanki mai tsawon mita 5, faɗin santimita 30, kaurin santimita 3, sai an tara wajen 22 kafin a cika mita kubik ɗaya. Katakon rufi mai santimita 8 ta kowane gefe, wanda ake kira chevron, wajen 31 ne. Siririn da ake kira latte, mai santimita 4 da 8, ya haura 60. Ke nan wanda aka ce ya cika mita kubik da latte zai ja inji sau da yawa fiye da wanda aka ce ya cika da falanki, zai sha fetur fiye da shi, sarƙarsa za ta fi saurin dakushewa. Idan kuɗin mita kubik ɗaya ne ga duka biyun, an ci ƙarfin na farkon. Haka nan taurin itace: tsaga iroko ko sapeli ko bilinga ba ɗaya ba ne da tsaga ayus. Jingar da ba ta bambanta nau'in itace da girman guntu ba, ba jingar adalci ba ce, ko da kuwa an yi ta da yardar kowa.

Sai batun wanda zai ɗauki kuɗin fetur, man gauraya, man sarƙa, sabuwar sarƙa, magagari da abincin ma'aikata. Wani mai kuɗi yakan ɗauka duka, ya rage kuɗin guntu. Wani yakan ba da kayan a matsayin bashi, a cire a ƙarshe. Hanya ta biyun ce ke jefa masu yanka cikin bashin da ba ya ƙarewa: aiki ya ƙare, a zauna lissafi, a ce abin da ya ci ya fi abin da ya yanka, dole ya sake komawa daji wa mutum ɗaya don ya biya.

Binciken CIFOR ya nuna wani bambanci da ya kamata duk mai shiga harkar ya sani. Masu yankan da ke aiki bisa oda, wato sun san mai saye da farashi kafin su tayar da inji, suna samun riba fiye da 'yan ƙauyen da ke yanka don kansu su kawo gari neman mai saye. Dalilin a fili yake. Wanda ya iso kasuwa da mota cike, direba na jiran kuɗinsa, ba shi da wurin ajiya, ba shi da bakin taya farashi. Abin da masu rumfa suka ce shi zai karɓa.

Wa ke ɗaukar asara?

Ba kowane guntu ake karɓa ba. A bakin hanya ko a kasuwa mai saye yakan tsince wanda ya tsage, wanda ya karkace, wanda kaurinsa bai kai ba, wanda ya yi shuɗi. Wasu daga cikin waɗannan laifin mai yanka ne, kuma daidai ne a cire masa. Amma ayus ɗin da ya ɓaci saboda mota ta yi mako uku ba ta zo ba, ko ruwan sama ya yanke hanya, ba laifinsa ba ne. Abin da ya fi ɓata wa masu yanka rai shi ne a ƙi biyansu kuɗin guntun da aka ce ya lalace, sannan a loda shi a mota a sayar da shi a farashi mai rahusa. Ɗan dako ma ya riga ya ɗauko shi, nauyinsa bai ragu ba don yana da tsaga.

Babbar asarar ita ce kamu. Tun da yawancin katakon ba shi da takarda, ma'aikatan gandun daji na da hurumin ƙwace shi da injin, a yi gwanjonsa. Don kauce wa haka ake biyan na goro a shingaye, ga jami'ai iri-iri, kuma masu bincike sun daɗe da nuna cewa wannan kuɗi ya zama wani sashe tabbatacce na tsadar katako, alhali ba ya shiga baitulmali. Mai kuɗi yakan saka shi cikin lissafi tun farko, ya rage daga abin da zai ba na ƙasa da shi. Idan kuma aka yi rashin sa'a kaya suka tafi gaba ɗaya, waɗanda aka ce sai an sayar za a sallame su sukan tashi a tutar babu, kuma ba inda za su kai ƙara, domin aikin da suka yi doka ba ta san da shi ba.

Mai bishiya da doka

Wanda ya fi kowa samun kaso kaɗan idan aka kwatanta da darajar kayan shi ne mai bishiya. Bishiyar da ta yi shekaru aru-aru tana girma, wadda za ta ba da mita kubik da dama, akan saye ta a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Tushen abin yana cikin doka. Dokar gandun daji ta 20 ga Janairu 1994 ta ba mutanen ƙauye haƙƙin amfani da itatuwa don buƙatar kansu, ba don sayarwa ba. Manomi yana sayar da abin da al'ada ta ce nasa ne amma hukuma ba ta yarda nasa ba ne, saboda haka a ɓoye yake ciniki, da gaggawa, sau da yawa lokacin da kuɗin makaranta ko na asibiti ya taso. Ba a kuma lissafa abin da ya rasa: koko da ayabar da bishiyar ta danne da ta faɗi, tsutsar da ake ci wadda ke zama a kan sapeli, ko man da mata ke samu daga 'ya'yan moabi.

Ita dokar 1994 ta tanadi ƙananan takardun izini: na yankan katako har mita kubik 500 na shekara ɗaya, da na yankan amfanin kai har mita kubik 30 na wata uku. An dakatar da bayar da su daga 1999 zuwa 2006, kuma a waɗannan shekarun buƙatar katako ba ta tsaya ba, sai sana'ar ta ƙara nutsewa cikin ɓoye. Da aka dawo da su, neman izinin kasuwanci ya koma Yawunde, nesa da ƙarfin ɗan ƙauye mai inji ɗaya. Dokar ta kuma kawo dajin al'umma, mai faɗin da bai wuce hekta 5,000 ba, inda ƙauye zai iya yanka da takarda. A wasu irin waɗannan dazuzzuka ana amfani da injin tafi-da-gidanka kamar Lucas Mill, wanda ke fitar da katako miƙaƙƙe mai kauri ɗaya. Injin sarƙa yana cinye kusan santimita ɗaya a kowane yanka, kuma abin da ake samu daga gungume bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Sai dai katako mai takarda ya fi tsada, mai saye a kasuwa kuma arha yake nema. Don a samar masa da kasuwa ne gwamnati ta fitar da umarni a Disamba 2020 cewa ayyukan gwamnati su riƙa amfani da katakon halal. A 24 ga Yuli 2024 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar gandun daji da namun daji da ta maye gurbin ta 1994.

Ta fuskar ƙwadago, dokar Maris 2023 ta sa mafi ƙarancin albashi a sefa 45,000 a wata ga fannin noma da makamantansa, 60,000 ga sauran fannoni masu zaman kansu. Mai yankan da ke samun aiki a kai a kai yana iya wuce wannan a lokacin rani, amma damina na rage aiki, kuma ranar da sarƙa ta tsinke ta same shi a ƙafa babu mai biyansa. Tun 2014 asusun CNPS ya buɗe rajistar sa-kai ga masu aikin kansu, sai dai fansho ta shafa, ba haɗarin aiki ba.

Ghana ta bi wata hanya: ta haramta yanka katako da injin sarƙa don sayarwa a 1998. Duk da haka binciken Emmanuel Marfo na 2010 ya gano cewa kashi 84 cikin 100 na katakon kasuwannin cikin gida daga nan yake fitowa, da mutum wajen 97,000 a cikin aikin. Daga kasuwanni irin na Kumasi da Techiman wani ɓangarensa ke hawa motoci zuwa Burkina Faso, Mali da Nijar.