Kukar Inna da agashen Sudan

Jiya da daddare na tarar da Inna tana haɗa kayan tafiya aikin Hajji. Rabin jakar kuka ce da daddawa da yaji da garin tuwo. Na ce, "Inna, ai ba yunwa ake yi a Makka ba." Ta ce, "Kai dai yi shiru, shinkafar Larabawa ba ta zama a cikina." Ban ja da ita ba, don ni ma na taɓa shiga wannan hali.

Shekarun baya, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, ofis ya tura ni kwas na wata uku a Khartum. Abincin safensu ful ne, wani wake mai faɗi da ake dafawa ya yi luguf a zuba masa man riɗi. Da rana kuma kisra, kamar sinasir na dawa amma siriri, ga tsami. Sati biyu ina kan shayi da burodi, har wandona ya fara zamewa. Ran nan da yamma sai na ji wani ƙamshi da na sani a bakin titi. Nama ne a tsinke, ya sha ƙuli da yaji. Tsire dai sak, su kuma suna ce masa agashe. Mai gashin, wani dattijo, ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, daga gida?" Hausa tsaf, alhali shi da mahaifinsa duk a Sudan aka haife su.

To ya aka yi tsire ya je can? A 1903, da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas. Ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar. Ban da su, akwai alhazai 'yan ƙasa da kan yi shekaru a hanya, suna tsayawa ƙwadago su tara kuɗin gaba. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, da yawa sun kama aiki a can, wasu ma ba su sake tashi ba.

Wanda zai shekara biyar a hanya, wane guzuri zai kai shi? Abin da suka tafi da shi iyawa ce. Sun tarar da dawa da gyaɗa da busasshiyar kuɓewa, wadda can ake kira weka. Sun ga asida 'yar uwar tuwo ce. Suka ci na masu gari, suka dafa nasu da kayan masu gari, har masu garin suka dawo suna layi a gaban tukubarsu.

Haka fataken goro suka yi a Gwanja, tun zamanin kasuwar Salaga. Yau je ka Ankara ko Kumasi ka ji sunayen abinci: waakye, wato shinkafa da wake da ake rina wa da karan dafi, sai tuo zaafi, koko da koose. Duk Hausa ce ta zauna a bakin wasu.

Dattijon nan shi ya ce mini, "Ɗana, zuba miyar kuɓewa a kan kisra ka ci da hannu." Wallahi daga ranar na daina rama.

Abin da ya sa na kawo wannan, jama'a: yawancin maniyyatanmu dattawa ne, wasu na shan maganin suga ko hawan jini. Tsoho ya ƙi abinci kwana uku saboda "ba irin namu ba ne", sannan ya tunkari zafin Arfa da tattakin jifa, wannan ganganci ne. Ku zauna da iyayenku tun kafin su tashi. A tafi da yajin, a barbaɗa a kan abin da aka samu, a ci.

Ni dai ban cire kukar Inna ba. Amma mun yi alkawari: duk abin da aka ajiye mata za ta kai loma bakwai kafin ta yanke masa hukunci.

Allah Ya kai alhazanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya kuma zaunar da Sudan lafiya.