Komawa Makaranta a Watan Satumba: Daga Ina Aka Samo Ta?

 Duk wanda ya yi makarantar kwana daga cikinmu ba zai manta makon ƙarshe na dogon hutu ba: a fito da akwatin ƙarfe a goge, a auno garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, a kai yadin yunifom wurin tela, a nemo adda da bokiti. Abin da ba mu lura da shi ba a lokacin shi ne halin da iyayenmu ke shiga. A Kakangi da sauran ƙauyukan Birnin Gwari, babu lokacin da aljihun manomi ya fi bushewa kamar ƙarshen Agusta. Rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi a taki da noma, masara ba ta bushe ba, dawa kuwa sai Nuwamba. To, wa ya zaɓi wannan lokaci?

Da can ba haka abin yake ba. A zamanin Turawa, har zuwa bayan samun mulkin kai a 1960, shekarar karatu tana farawa ne a Janairu ta ƙare a Disamba. Yaron da ya gama elementare a ƙasar Birnin Gwari, wadda ke cikin Lardin Zazzau, idan ya ci jarrabawar shiga Midil, da hunturu yake kama hanyar Zariya, an gama girbi, an sayar da gyaɗa da auduga, an biya haraji. Ga shi kuma En'e ce ke ɗaukar yawancin nauyin karatun. Wahalar wancan zamani ita ce samun uban da zai yarda ya ba da ɗa, har sai hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya matsa wa mai unguwa.

A 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka mayar da farkon shekarar karatu watan Satumba. Jami'o'i da ma a kan tsarin Ingila suke, inda ake dogon hutu a tsakiyar shekara a koma wajen Oktoba. Jami'ar Ahmadu Bello ma ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe ta. Sabon tsarin ya daidaita sakandare da jami'a, ya kuma sa dogon hutu ya faɗo da damina, yaro ya samu ya taya ubansa noma. Wannan amfani ne babba, ban musa ba, domin ni ma da fartanya na cinye hutuna. (Shi ya sa nake dariya idan na ji ana cewa "hutun bazara", namu hutun na damina ne, na marka ma.) Amma a ganina waɗanda suka tsara abin sun dubi lokacin da gona ke buƙatar hannu, ba su dubi lokacin da kuɗi ke shiga hannun mai gona ba. Shekarar ma ba ta zo da sauƙi ba: a Janairunta naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, kuma a cikinta fari ya yi wa Arewa mugun ta'adi.

Bayan shekara uku, a Satumba 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE. An yi shirin yara miliyan 2.3, sai ga kimanin miliyan 3. Aka yi karatu a gindin bishiya, aka ɗauki malaman da ba su gama ƙwarewa ba. Daga nan komawa makaranta ta zama lamarin kusan kowane gida. A ƙarshen shekarun 1980, zamanin Janar Babangida, an sake gwada Janairu, ba a jima ba aka dawo Satumba, kuma a kanta muka taso.

Yadda iyayenmu suka yi da wannan matsala ba ya cikin kowane kundin gwamnati. Mahaifina akuya yake ware wa tun da rani, ya ce ta makaranta ce, ko baƙo aka yi ba a taɓa ta. Shekarar da cuta ta kashe ta, sai ya karɓi kuɗi wurin wani ɗan kasuwa a kan zai biya da buhun masara idan kaka ta yi. Buhun da ya bayar ya kusa ninka abin da ya karɓa. Ban san wannan ba sai da na shiga jami'a, mahaifiyata ta faɗa mini. Iyaye mata kuwa da adashi da kuɗin man gyaɗa suke cika akwatin.

Sai kuma aka shiga shekarun 'yan bindiga, abin ya wuce maganar kuɗi. Manomin da aka hana shi zuwa gonarsa, ko aka sa masa haraji kafin ya girbe, ba shi da kakar da zai ci bashi a kanta. A Maris 2021 aka sace malamai uku a firamaren Rama, cikin ƙaramar hukumarmu, kuma a Agustan shekarar gwamnatin Jihar Kaduna ta ɗage komawa makarantu saboda rashin tsaro. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe ɗaliban Kuriga, a ƙaramar hukumar Chikun mai maƙwabtaka da mu, aka sako 137 bayan fiye da mako biyu. Makarantun ƙauyuka da dama sun shafe shekaru a rufe, wasu azuzuwan cikin gari suka zama masaukin 'yan gudun hijira. A Nuwamba 2024, bayan sulhun da aka ƙulla, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari.

Yaron da ya isa shiga aji ɗaya a 2018 amma makarantar garinsu na rufe, yanzu ya kai shekarun sakandare bai iya haɗa baƙi ba. Shi ba akwati ko yunifom ke gabansa ba tukuna. Shawarata ga kwamitin ƙungiyarmu ita ce, tallafin littattafai da yadi da muka saba rabawa a taron Disamba a dawo da shi makon ƙarshe na Agusta, a kuma ware wani kaso domin malaman sa-kai da za su zauna da irin waɗannan yara cikin dogon hutu.